Gogen Ekos da rigar Baba

Akwai wani kiɗa da na haddace ba da son raina ba, har yau in ya faɗo mini a ka sai na yi tsaki. Kiɗan rawa ne na mutanen Ekos, ƙasar da 'yan Najeriya ke ce wa Sikotilan. Da gogen Turawa ake yin sa, mai tsirkiya huɗu, wanda a nan Faransa suke kira biyolon. Ɗiyata ce ta kwaso mana shi. Ba zan faɗi sunanta ba, 'yar fari ce, kuma shekarun da na yi a Paris ba su cire mini wannan kunyar ba.

A Aubervilliers muke zaune, a gefen Paris, kusa da manyan sitocin 'yan sari inda maigidana ke harkar jakunkuna da takalma, ni kuma ina da ɗan shagon atamfa da turaren wuta. Gidan namu can sama yake, ɗakuna ƙanana, bango kamar kwali, in maƙwabci ya yi tari sai ka ji kamar ka ce masa sannu. A cikin wannan gida yarinyar nan ta tashi da goge. Wata malamar lakwal, wato makaranta, ce ta ɗora mata shi a kafaɗa tun tana ƙarama. Na ce abin yara ne, zai wuce kamar yadda koyon ninƙaya ya wuce. Bai wuce ba. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, irin wanda ake shiga karatun haɗa magunguna da shi, na riga na gama hango ta cikin farar riga a bayan kanta, sai ta ce ita tarihin kiɗa za ta karanta a Lyon. Na yi faɗa, na yi lallashi, na yi fushi na daina magana. Ubanta ya ce shi ba ruwansa, tun da ba sata ta ce za ta koya ba.

A Lyon ɗin ta haɗu da wasu mutane masu taruwa ranar Asabar suna rawar Ekos. Yawancinsu ma ba 'yan Ekos ba ne, Faransawa ne da suka ajiye aiki suka rasa abin da za su yi da ƙafafunsu. Mai yi musu goge ya tsufa, hannunsa ya fara rawa, suka ga yarinya mai jini a jika suka riƙe ta gam. Cikin duk kiɗe-kiɗen da suka koya mata guda ɗaya ya shiga ranta, har ta ce a kansa za ta yi binciken kammala karatu. Daga nan muka shiga uku.

Duk hutun da ta zo, da shi za mu karya kumallo, da shi za mu ci na rana. Kiɗan gajere ne amma ba ya ƙarewa, in ya kai ƙarshe sai ya koma farko. Yana da wata 'yar sarƙewa a tsakiya mai kama da shaƙuwa, wadda ta ce ita ce duk daɗinsa, kuma wai sai an daɗe kafin hannu ya iya ta. A kunnena aka yi wannan daɗewar. Ranar da na kama kaina ina yanka albasa wuƙar na bin kiɗan, ajiye wuƙar na yi na je na buga mata ƙofa, na ce ta ji tsoron Allah ta sauya wani. Ta ce to, ta yi wani na ɗan lokaci, kafin miya ta nuna mun koma gidan jiya.

Ban da kiɗan kuma ga tarihinsa, wanda babu wanda ya tambaye ta. Muna cin abinci za ta fara. Wai wani mai goge ne ya ƙirƙire shi can cikin duwatsun ƙasarsu, tun kafin Bature ya san hanyar Damagaram. Mutumin barantaka yake yi a gidan wani mai ƙasa, ya yi kiɗan don matar maigidan, ya sa masa sunanta. Bayan ya mutu wani ɗan birni ya buga shi a littafin kiɗa, ya sauya masa suna ya ce nasa ne. Na ce ashe su ma sun iya. Wai da can a hankali ake yin sa, da ƙasaita, 'yan birni ne suka ƙara masa sauri. Daga baya masu ƙasa suka ga kiwon tumaki ya fi musu talakawa riba, suka kori mutane daga gonaki, mutanen suka hau jiragen ruwa zuwa Kanada da kiɗan a kansu. A can a madafa ake yin sa, ana buga ƙafa a katako, ya sake samun wani suna. Ya dawo gida da wata kama, masu son raya rawar gargajiya suka tsince shi suka haɗa shi da rawar da ake yi a layi. Aikin da ɗiyata ta ɗaukar wa kanta shi ne ta nuna duk sunayen nan kiɗa ɗaya ne, ta mayar masa da sunan matar farko. Na tambaye ta ko matar na da magadan da za su ce mata sannu da aiki. Ta ce zuriyar ta ƙare, gidan ma sai kango. Na ce madalla, an yi karatu.

Ana nan sai mahaifina ya zo daga Damagaram don a yi masa aikin yanar ido. Baba attajirin fatu ne, ya tsufa ya bar wa ƙannena harkar, amma bai bar musu iko ba. Ba ya cikin masu cewa kiɗa haram ne. Ya san kiɗa sarai, yana da takensa tun yana saurayi. Take shi ne kiɗan da makaɗi ke keɓe wa mutum ɗaya, in aka buga shi kowa ya san da wa ake. Da sallah makaɗa kan zo ƙofar gidanmu su buga nasa, ya fito ya yi musu abin da ya kamata. Amma a wurinsa duniya kashi biyu ce, akwai waɗanda ake yi wa kiɗa, akwai masu yi. Mu a na farko muke. Goge kuwa shi ne can ƙasan layi, na 'yan bori da gidajen mata masu zaman kansu. A ce jikarsa, wadda ya yanka wa rago da hannunsa, ta rungumi goge tana yi wa mutane su yi rawa, wannan ko a mafarki bai taɓa gani ba.

Kafin ya sauka na kira ta na ce ta bar abin nan a Lyon, in ya tambayi karatu a ce tarihi, ba a yi ƙarya ba. Na san ba ta yarda ba.

Aka yi aikin ido lafiya. Da aka cire masa auduga ya fara ganin abin da ya daɗe bai gani ba, har da ƙurar saman talabijin ɗina, wadda bai fasa nuna mini ba. A makon nan ta zo. Tsakaninsu akwai wasan kaka da jika, amarya yake ce mata, ita kuma tana ce masa tsohon ango ya zo ba kayan lefe. Hausarta ta 'yan Paris ce, rabi da rabi, amma da shi tana ƙoƙari, don duk duniya ban san wanda take so kamar tsohon nan ba. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa, ya dube ta da sabon idonsa ya ce ashe amaryar tasa kyakkyawa ce, da an cuce shi. Sai ya tambayi karatu. Daga madafa na ɗaga murya na ce tarihi take yi.

"Tarihin kiɗa, Kaka," in ji ta. "Kuma ina yin goge. Biyolon. Ina yi wa mutane suna rawa."

Na fito da ludayi a hannu. Baba bai ɗaga murya ba, shi ba ya ɗagawa. Ya gyara zaman hularsa, ya ce ta maimaita. Ta maimaita. Ya dube ni, na dubi ludayi. Ita kuwa da ta ga ba a mare ta ba sai ta kwance masa tarihin nan kaf, daga mai gogen duwatsu har tumaki har Kanada, inda Hausa ta ƙare mata sai ta juyo in cika mata. Ni da na tsani labarin, ni na zama tafinta. Ya saurara har ƙarshe. Abu ɗaya ya tsaya a kai, wato an yi kiɗan don mutum ɗaya an sa masa sunanta. Ya ce to ai take ne. Ta ce ba ta san kalmar ba, na bayyana mata, ta yi murna kamar an ba ta kyauta, har da neman alƙalami. Shi bai yi dariya ba. Ya ce bai saba yanke hukunci a kan abin da bai gani ba, kuma tun da Allah ya mayar masa da ido, zai je ya gani.

Sai ta faɗi abin da ban zata ba. Ta ce, "Kaka, in ka gani ka ce in bari, zan bari. Wallahi zan bari."

Na san ɗiyata. Taurin kanta ya fi na akuya, amma in ta rantse ta rantse. Kuma na san ubana. Ba zan ɓoye ba, daɗi na ji. Abin da na yi shekaru ina fama a kai ga shi tsoho zai gama mini da shi da kalma ɗaya, ba tare da an ce ni ce muguwar ba. Sai dai daɗin bai zauna daram ba. Ko dai ta rasa gogen, ko ta rasa kakan. Ban ga hanya ta uku ba, ita ma ba ta gani ba.

Ranar Asabar ɗin da aka sa muka kama hanyar Lyon, ni da shi. Tun a gida muka fara. Ya fito da babbar rigarsa ta shadda, ruwan toka, mai aikin hannu tun daga wuya har ciki, wadda yake zuwa idi da ita. Na ce Baba sanyi ake yi, ga kwat ɗin maigidana. Ya ce shi ba a taɓa ganin sa da rigar wani ba. Da ƙyar ya yarda ya sa rigar sanyi daga ciki, wata tsohuwa mai ruwan ƙasa. A metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, rigar ta cinye kujerar mutum biyu. A tashar jirgin ƙasa ya tsaya gaisawa da wani ɗan Maraɗi da bai taɓa gani ba, suna tambayar gida da gajiya da sanyi, ni ina kallon agogo. A jirgi bai ce komai a kan goge ba. Gonaki yake kallo ta taga yana cewa ƙasa mai kyau haka ba mutane a ciki.

Wurin rawar wani zaure ne na unguwa da yara ke wasan ƙwallo a ciki, da layukan fenti a ƙasa. Da rana ne, bayan azahar. Ɗiyata ta tarye mu a ƙofa fuskarta ba jini, ta durƙusa ta gaishe shi, ta kai mu kujerun da aka jera a jikin bango. Shugabar rawar, wata dattijuwa doguwa mai farin gashi, ta zo ta miƙa wa Baba hannu, ya dafe ƙirji, ta mayar da hannunta ba ta ji daɗi ba. Na ce a raina an fara.

Sai maza suka fara fitowa da siket. Na riga na gaya masa a jirgi, amma ji daban gani daban. Tsofaffi ne masu furfura, gwiwa a waje, safa har ƙwauri, da wata 'yar jaka a gaba. Baba ya daɗe yana kallo, sannan ya sunkuyo ya tambaye ni ko matansu sun san sun fito. Na ce ga matan nan tare da su. Ya ce to.

Aka ja layi biyu, maza na fuskantar mata. Ɗiyata ta hau wani ɗan dandamali tare da wani mutum mai wani abin kiɗa da ake ja ana matsewa kamar zuga-zugin maƙera. Ta shafa wa izgar gogen ƙaro, ta ɗora gogen a wuya, aka fara. Rawar tasu lissafi ce zalla. Wannan ya wuce ta nan, waccan ta zagaya ta can, a riƙe hannu a saki, kowa da inda zai taka da lokacin da zai taka, in mutum ɗaya ya kuskure duk layin ya rikice. Shugabar na gefe tana kiran abin da za a yi. Ni kuwa ba rawar nake kallo ba. Ban taɓa ganin ɗiyata tana yi a gaban mutane ba, ta bayan ƙofa kawai na san abin. Ta iya. Haushi ya kama ni da na ga ta iya, don da ba ta iya ba da komai ya zo da sauƙi.

Baba na zaune kamar an dasa shi, hannu a kan sanda, fuska ba ta ce e ba ta ce a'a ba. Aka yi kiɗa kala-kala. Can ɗiyata ta matso gaban abin magana ta ce yanzu za ta yi wanda take bincike a kai, ta faɗi sunan matar da aka yi wa shi, ta ce tana so yau a kira shi da sunansa na asali. Aka ɗan tafa. Na fassara wa Baba. Ya gyara zama, ya fara duba zauren.

Ta ja izga, abin nan da na sani ya cika wuri, da shaƙuwarsa da komai. Masu rawa suka juya mata baya suka kama lissafinsu. Baba ya tambaye ni su wane ne dangin mai taken. Na ce Baba ai an gaya maka sun ƙare. Ya ce to barorinsu fa, ko mutanen garinsu. Na ce babu kowa, waɗannan Faransawa ne. Ya sake duba zauren. Kiɗan ya kai ƙarshe ya koma farko. Na ga ƙafarsa na motsi, na zaci kiɗan ne ya kama shi, ashe haƙurinsa ne ke ƙarewa. A wurinmu in makaɗi ya buga take, mai shi ko wani nasa sai ya miƙe ya yi kyauta. In aka bar makaɗi yana bugawa babu wanda ya tashi, an wulaƙanta shi a gaban jama'a, an nuna kiɗansa bai kai a motsa ba.

"Yanzu ba mai tashi?" in ji shi.

Na ce Baba nan ba a yin haka, tafi kawai ake yi in an gama. Kafin in rufe baki ya miƙe.

Bai bi ta gefe ba. Baba bai taɓa bin gefe ba a rayuwarsa. Ta tsakiyar layi ya ratsa, da sanda da riga kamar tanti. Wata mata da ke tahowa da gudu ta ci birki, na bayanta ya buge ta, wani mai siket ya miƙa hannu zai kama abokiyar rawarsa ya kama hannun rigar Baba. Layi ya watse. Ni ina biye ina Baba, Baba, ina ba mutane haƙuri hagu da dama, ina ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya hau dandamalin da ƙyar, ya jingine sanda, ya kama rigar nan ya fara cirewa ta ka. Cire babbar riga ba ƙaramin aiki ba ne ga tsoho. Hula ta faɗi, ya fito daga ciki da rigar sanyinsa mai ruwan ƙasa, ya ɗaga shaddar ya lulluɓa wa ɗiyata tun daga kafaɗa. Izga ta sarƙe a cikin yadi, gogen ya yi wani ƙara kamar an taka kyanwa, komai ya tsaya.

Ni na san abin da na gani. Kyautar riga ita ce ƙarshen girmamawar da mai arziki ke yi wa makaɗi, ya tuɓe ta jikinsa a gaban jama'a ya ba shi. Tun ina yarinya na ga Baba ya yi, ba sau da yawa ba, kuma sai ga wanda ya kai. Amma a zauren nan ni kaɗai na sani, ni da shi. Abin da Faransawa suka gani shi ne tsohon Musulmi da ya ƙi ba mace hannu ya hau ya rufe jikin yarinya ya tsayar da kiɗa. Shugabar ta taho fuska a murtuke, tana cewa malam ba ka da wannan ikon a nan. Wani ya ciro waya. Duk wannan bai dame ni ba, na saba da kallon Faransawa. Abin da ya tsinka mini zuciya shi ne ɗiyata. A Paris aka haife ta, ba ta taɓa tsayawa a ƙofar gidanmu ranar sallah ba. Ita ma abin da suka gani ta gani. Ta zare gogen daga ƙarƙashin rigar a hankali, hawaye na zuba, ta durƙusa ta buɗe akwatinsa ta kwantar da shi. Ta ce da ƙaramar murya, "Na ji, Kaka. Na bari."

Baba kuwa na tsaye yana jiran ta yi abin da makaɗi ke yi, ta ɗaga rigar a gani ta ƙara wa kiɗa wuta. Sai ya ga tana kuka tana rufe akwati. Ya juyo ya dube ni, fuskarsa ta tsoho da aka mayar wa kyauta a gaban mutane. Bai gane ba, kuma ba zai tambaya ba.

Da na yi shiru a lokacin nan, shi ke nan. Ita ta rantse, shi ba zai taɓa buɗe baki ya bayyana kyautarsa ba, girman kai ba zai bar shi ba. Mu koma Paris, a kai gogen saman kabad, in samu kunnena, wataƙila ma in samu farar rigar magunguna. Na ga abin sarai a gabana, kuma ina son sa. Haushin su biyun ya cika ni, shi da ya kasa bin gefe, ita da ta san tarihin tumakin Ekos ba ta san rigar kakanta ba. Ga shi uwa ba ta yabon 'yar fari, balle a gaban ubanta, balle a gaban baƙi. Amma ban iya kallon bayanta a durƙushe cikin rigar nan ba.

Na hau dandamalin na ce, "Ke, tashi. Ba hana ki ya yi ba. Riga ya ba ki. A wurinmu sai makaɗin da ya kai ake tuɓe wa riga, kuma ban taɓa ganin ya ba wani irin wannan ba. Kin iya, shi ya sa. Ɗauki abinki."

Ta ɗago tana dubana, ta dubi kakanta. Ya kawar da kai, ya ce a gaya wa amarya sanyi yake ji, ta yi abin da za ta yi. Na juya na yi wa shugabar bayani da Faransanci, da muryar da nake yi wa masu kawo mini kaya a makare. Ta saurara baki buɗe, ta ce abin da kyau ƙwarai, ta tambaya ko za a iya sake yi don a ɗauki hoto. Na ce a'a.

Aka naɗe wa ɗiyata hannayen rigar a kafaɗa yadda maza ke yi, ta ɗauki gogen, hanci na zuba, ta koma farkon kiɗan. Aka sake jan layi. Baba ya ƙi komawa jikin bango, kujera aka kawo masa kan dandamalin, ya zauna a gefenta da rigar sanyi da hula a karkace, yana kallon masu rawa kamar shi ya tara su.

Da muka fito tana ta rawar jiki za ta mayar masa da rigar, na ce kul, ba a mayarwa. Kwat ɗinta muka yafa masa, na mata ne, ja, bai ƙi ba. A bakin titi ta tambaye shi kai tsaye ko ta ci gaba. Ya ce da a Damagaram ne da ya karya izgar nan da hannunsa, kuma in ya koma ba zai gaya wa kowa ba, tarihi take karantawa. Amma jininsa ba zai yi wa mutane kiɗa a bar shi tsaye kamar maraya ba.

"Kin ce mai taken ta mutu, danginta sun ƙare," in ji shi. "An buga, ba wanda ya tashi sai ni. To nawa ne yanzu. Sauran ki yi wa wanda kika ga dama. Wannan kuwa kada ki ƙara buga wa kowa sai kin tambaye ni."

Na ce Baba ta yi wata da watanni tana wahala don ta mayar wa matar nan da sunanta, yanzu kai ma ka zo ka ƙwace, me ya raba ka da ɗan birnin nan. Ya ce ɗan birni sata ya yi, shi kuwa ya biya.

Na ɗauka wasan kaka da jika ne. Ita ba ta ɗauka haka ba. Baba ya koma gida da idonsa, kuma tun daga lokacin duk Asabar ɗin da mutanen Lyon suka sa kiɗan nan a jerin rawarsu sai ta kira Damagaram neman izini. Ba ya amsawa da sauri. Sai ta gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ta tambayi gida da iyali da jiki da zafi, in ta yi tuntuɓe ya sa ta koma farko. Sai ya tambayi su wa za su yi rawar, ko mai farin gashin nan tana nan, ko ta ci abinci. In Hausa ta ƙare mata sai su haɗa ni a wayar ina tsakiyar ciniki, in bar mai sayen atamfa tsaye ina fassara wa tsoho da jikarsa maganar kiɗan da na tsana. Na taɓa ce mata ta daina wahalar da kanta, ta buga abinta, ina zai sani. Ta ce ita za ta sani.

Ƙanena ya gaya mini ranar Asabar tun da hantsi Baba ke sa a caja masa waya, ya sa ta a aljihun gaba, ko masallaci ba ya yarda ya bar ta a gida. In makon ba a sa kiɗan ba, wayar ba ta yi ƙara ba, haka zai wuni yana ciro ta yana dubawa, yana cewa layin ƙasar nan ya lalace. Da na ji haka, ni da bakina na kira ɗiyata na ce ta gaya wa mai farin gashin nan a riƙa sa shi kowane mako.